Ya Goge Mini Ƙwaro

Masu turo mini saƙo kullum, Auta kin cika zafin kai, Auta ki amsa wa bawan Allah kafin wata ta ɗauke, ku gyara zama. Yau zan gaya muku abin da bawan Allahn naku ya aikata ranar Asabar a falon uwata, gaban mutum uku da waya mai ɗaukar bidiyo. In kun gama karantawa, wanda yake da sauran haƙurin bayarwa sai ya kawo.

Ga waɗanda suka shigo a tsakiya: shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a teburin karɓar mutane na wani asibitin haƙori, inda nake wuni ina kallon manyan maza riƙe da kumatu suna rantsuwar ba tsoro suke ji ba. Mu uku Umma ta haifa, Babban Yaya, sai Anti, sai ni. Babban Yaya ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce bayan doguwar jinya. An rabar da kayansa kaf, har takalman ƙwallonsa. Abu ɗaya na sace na cusa a ƙasan akwatina, tsohuwar na'urar gem ɗinsa, mai ruwan toka, wadda ake jona wa talabijin a cusa mata kaset ta sama.

Kaset ɗaya ya fi so. Wani ɗan kwale-kwale ne kake tuƙawa a kogi, kana kauce wa duwatsu kana tsamo mutanen da suka faɗa ruwa. Rai uku ake ba ka, in sun ƙare shi ke nan, ka koma farko. In ka ci maki mai yawa sai gem ɗin ya ba ka dama ka rubuta sunanka a allon gwanaye. Layi takwas ne allon, ba ya ƙaruwa. Bakwai na sama duk sunansa ne, KWARO, don na'urar ba ta san ƙ mai lanƙwasa ba. Abokansa ne suka sa masa sunan don gwanintarsa, Umma kuwa ta tsani sunan, tana cewa ita mutum ta haifa. Layi na takwas AUTA ne, da ɗan makina abin tausayi, shi ma hannunsa yana kan nawa na ci shi.

Shekara goma ina jona na'urar nan a ɗakina in ba kowa, ba don in buga ba. In kunna, in jira allon ya fito, in kalla, in kashe.

Bara wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta. Haka na naɗe ta a tawul na kai shagon gyaran kwamfuta da ke layin bayan asibitinmu, kuma a nan na haɗu da Injiniya. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce wannan ta riga mu. Amma kaset ɗin, in ji shi, akwai ɗan batir a cikinsa kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da sunayen duk shekarun nan, kuma numfashinsa saura kaɗan. Ya ɗauko wata 'yar na'ura ya tsotse duk abin da ke cikin kaset ɗin ya juye a laftof ɗina, ya sa mini wata manhaja wai ita emuleta. Na ce ya yi mini bayani irin na mutane. Ya ce kwamfutar ce za ta riƙa kwaikwayon tsohuwar na'urar, ta yi muryarta ta yi tafiyarta, har gem ɗin ya ɗauka a gidansu yake. Ya danna, sai ga kiɗan nan, sai ga allon, layi takwas cif. Sati biyu bayan nan batirin kaset ɗin ya mutu, komai na ciki ya tafi. Abin da ke laftof ɗina shi kaɗai ya rage a duniya.

To, ku faɗa mini, wace mace ce ba za ta fara kallon mutum da idon mutunci ba bayan wannan? Ko da kuwa yana da kunnuwa irin nasa, waɗanda in ya tsaya a ƙofa da rana haske ke ratsa su.

Wata bakwai yana zuwa gidanmu. Umma ta mayar da shi ɗa, don ya gyara mata rediyo da fanka da wayar da ta faɗa a bokiti. Gwaggo, ƙanwar Abbanmu marigayi, wadda ta naɗa kanta shugabar masu lissafa shekaruna, ta bincike shi har kakanninsa ta dawo ta ce ba ta samu komai ba, kuma daga yadda ta faɗa kun san ta ji haushin hakan. Kullum maganar ɗaya ce, me nake jira. Ni kuwa ba ƙin sa nake ba, Allah ya sani. So nake a bar ni in ce to da bakina, ba a ce mini ita ba.

Ranar Laraba fankar laftof ɗin ta fara kuka kamar tsohon babur, na ba shi. Asabar da safe saƙo ya shigo:

"Ranki ya daɗe, mara lafiya ya warke. Zan kawo shi da yamma. Don Allah ki kasance a gida."

Da na san abin da ake ƙullawa tun daga labule zan gane. Umma ta sauke na kullum ta rataya masu ruwan zuma da ba sa fitowa sai da dalili. An fito da kofunan gilashin da ke cikin kabad, waɗanda tun ina yarinya aikinsu kawai a kalle su. Gwaggo ta iso tun kafin azahar da 'yan kunnen da ke jan kunnenta ƙasa, wai wucewa take ta ce bari ta leƙo, ita da gidanta yake mota biyu daga namu. Anti ma ta baro mijinta da yara ta zo, ta dube ni sama da ƙasa ta ce in cire wannan rigar barcin in sa shuɗiyar doguwar rigata mai aiki a wuya. Na ce laftof za a kawo mini, ba lambar yabo ba. Ta ce in sa dai.

Turarensa ya riga shi shigowa. Sabuwar riga ruwan toka, ko layin ninkin shago bai bar jikinta ba, aski sabo, takalmi yana ƙyalli. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya gaida Gwaggo har sau biyu, sannan ya nemi izini ya jona laftof ɗin da babban talabijin na falo, wai yana so in ga yadda gyaran ya yi kyau. Anti ta ɗaga waya.

Kiɗan gem ɗin ya cika falon. Na ji wani iri, don ban taɓa kunna shi gaban kowa a gidan ba. Allon gwanaye ya fito, manyan haruffa farare a kan baƙi, daga sama zuwa ƙasa:

AUTA
NA
GAJI
DA
JIRA
KI
AURE
NI

Anti ta saki ihu. Gwaggo ta sa aka karanta mata, ta kwashe da dariya har tana dukan cinya, tana cewa yaran yanzu sun iya shegantaka. Umma ta rufe baki da gefen mayafi, idonta yana murmushi. Shi kuma yana tsaye gefen talabijin kamar ɗalibin da ya zo na ɗaya.

Ni ƙirgawa nake. Ɗaya, biyu, uku, har takwas. Na sake ƙirgawa daga ƙasa. Na ce ya matsar da allon in ga sauran. Ya ce ai babu saura, takwas ne, shi ya sa sai da ya yi ta auna maganar har ta shiga daidai.

Sai ya shiga ba da labari, yana cika yana batsewa. Kwana uku bai kula kowa a shago ba. Wai a emuleta akwai maɓallin da in ka daki dutse sai ka danna, lokaci ya koma baya, kwale-kwalen ya dawo lafiya kamar ba a yi ba. Akwai kuma wanda zai ajiye maka wasan a duk inda ka ga dama. Da su ya yi ta amfani, ya fi sau dubu, har ya wuce makin da ke sama. Wahalar ma, in ji shi, ita ce jera su, don dole makin AUTA ya fi na NA, na NA ya fi na GAJI, in ba haka ba maganar ta hargitse.

Yayana da rai uku ya ci nasa. A kan tabarma, da hannun da allura ta huda har ba wurin hudawa, da wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar wasa. Babu maɓallin komawa baya.

Na tambaye shi ina kwafin na da. Ya ce wane kwafi? Manhajar da kanta take rubuta sabo a kan tsoho in an rufe ta. Ya yi 'yar dariya, ya rage murya yadda yake ganin ni kaɗai zan ji:

"Kin ce ba zan taɓa kamo ƙafarsa ba. To ga shi, ko sunansa babu."

A nan zan faɗi nawa laifin, don ban zo nan in wanke kaina ba. Wata uku da suka wuce, a shagonsa, ya kama ni na ƙura wa allon ido. Ya tambaye ni wai wane ne Ƙwaron nan da nake kallo haka. Ni ban iya zancen Babban Yaya ba, ko da Anti ba ma yi. Sai na mayar da abin wasa, na ce wani ne, wanda ba zai taɓa kamo ƙafarsa ba. Na yi dariya na rufe laftof ɗin. Ya san ina da wa da ya rasu, amma a gidanmu ba a cewa sai marigayi. Ashe mutumin nan wata uku yana kwana yana tashi da kishin wani tsohon saurayi da babu shi.

Amma a lokacin ban tuna da nawa laifin ba, kuma ko yanzu da na tuna bai rage mini komai ba. Ko da saurayin ne, wa ya ba shi? Kayana ne. Amana na ba shi ya gyara fanka.

Na miƙe. Abin da na faɗa masa ba duka zan rubuta ba, akwai yara a masu karatu. Na ce masa ɓarawo ne mai sukurdireba. Na ce wanda ya ci wasa da maɓallin komawa baya ko kunyar rubuta sunansa ya kamata ya ji, balle ya goge na wanda ya fi shi. Na ce ya kwashe turarensa ya bar mana gida. Gwaggo ta shiga tsakani tana tafa hannu, wai yau ta ga abin da ya isa, mutum ya zo da maganar arziki ana yi masa haukan wasan yara, shekara ashirin da bakwai ana kuka a kan kwale-kwalen talabijin. Umma ta daka mini tsawa ta ce in zauna, ba ta haifi marar kunya ba.

Na ce, "Umma, Ƙwaro ya goge. Sunan Babban Yaya ne a wurin, layi bakwai, da hannunsa ya rubuta."

Anti ta sauke wayar. Kunnuwan nan na Injiniya suka yi ja. Gwaggo ta koma ta zauna.

Na ɗauka Umma shi za ta juya wa. Ni ta juyo wa. A hankali ta tambaye ni tun yaushe abin yake wurina. Na faɗa mata.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce. "Ina neman ko takardar da ya yi rubutu a kai in gani, an rabar. Ke kina ɗaki kina kallon ɗana ke kaɗai."

Ta tashi ta shige ɗakinta ta tura ƙofa. Ban san lokacin da Injiniya ya fita ba. Na dai ga kofinsa a kan tebur, ko kurɓa bai yi ba.

Lahadi wayata ba ta huta ba. "Auta ban sani ba." "Wallahi da na sani da hannuna ya karye kafin in taɓa." "Na duba kwamfutar shago, na duba duk filashin da nake da su, babu." "Ki ce wani abu ko zagi ne." Ina gani ina ajiyewa. Can da rana sai ga wani dogo: wai zai iya buɗe fayil ɗin ta ciki ya rubuta sunayen da makin da hannu, allon ya koma kamar da, ba wanda zai gane. Wannan kam na amsa. Na rubuta, "Ni zan gane. Kada ka sake taɓa mini kaya." Na kife wayar.

Gwaggo kuwa kafin yamma labari ya zaga dangi, kuma ya yi ƙiba a hanya. 'Yar kawunmu ta kira tana tambaya wai da gaske na fasa wa mutum talabijin a ka. Matar maƙwabcinmu ta shigo aron dutsen guga, ita da take da biyu, tana ta leƙen fuskata. Umma ba ta yi mini magana ba wuni guda. Ta dafa shinkafa ta zuba nawa ta rufe, ta koma ɗaki. Na gwammace ta zage ni.

Litinin na tafi aiki da kumburarrun idanu, har likita yana tsokanata wai ko ni ma haƙorin ne. Na dawo wajen ƙarfe biyar. Tun daga bakin ƙofa na ga takalmin nan mai ƙyalli, na kuma ji kiɗan kwale-kwale.

Umma ce ta kira shi. Ta shiga ɗakina da kanta, ta ɗauko laftof ɗin daga ƙarƙashin filo, ta ce masa tun da shi ya ɓatar, ya nemo mata. Wannan daga baya Anti ta gaya mini. Abin da na gani da idona shi ne Umma zaune a ƙasa dab da talabijin, ita da gwiwa ba ta barinta zaman ƙasa, gilashin karatunta a hanci. A allon, KWARO, KWARO, KWARO, har bakwai, AUTA a ƙasa. Ta ɗora yatsa a kan na farko tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shafa kan yaro.

Shi yana tsugune a bakin ƙofar falo, rigar aiki a jikinsa, ba turare. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai.

Kallo ɗaya na yi wa lambobin na san ƙarya ce. Na haddace su fiye da lambar wayata. Ya dai yi ƙoƙari, ya tuna na sama dubu tamanin da wani abu ne, sauran ya cike da ka. Na uku da na huɗu ma ya ba su tazarar da ba su taɓa yi ba, alhali maki hamsin ne kacal tsakaninsu, don rana ɗaya Babban Yaya ya ci su yana ta masifar an yi masa magana. Na hana shi, a rubuce na hana shi, ya je ya yi, kuma ya kai wa uwata.

Umma ta juyo. Fuskarta jiƙe, amma rabon da in ga hasken nan a idonta na manta.

"Ya ce ya samo shi a can cikin kwamfutar," ta ce. "Ke kika san shi. Haka yake, Auta? Shi ne?"

Na dubi Injiniya. Bai roƙe ni da baki ba, bai ma ɗago ba, hannuwansa kawai ya haɗa a kan gwiwa. Kalma ɗaya zan faɗa in gama da shi a gidan nan har abada, kuma wallahi kalmar tana kan harshena, da ɗaci da komai. Sai dai in na faɗe ta ba shi kaɗai za ta kayar ba.

Na ce, "Shi ne, Umma."

Ta gyaɗa kai ta koma ga allon. Ta ce ashe ɗan nan nata da gaske ƙwaro ne, ta yi 'yar dariya, ta ce a bar mata shi a kunne.

Na ce wa Injiniya ya zo in raka shi. Ya sa takalmi a gurguje ya biyo ni har ƙofar gida. Ya fara cewa Auta na gode, na ɗaga masa hannu. Na ce kada ya kuskura ya gode mini, ya sa na yi wa uwata ƙarya a kan ɗanta, kuma wannan ban san ranar da zan yafe masa ba. Maganar aure kuwa kada in sake jin ta, ko a baki, ko a waya, ko a talabijin. Ya ce ya ji. Ya juya zai tafi, kafaɗunsa a zube.

"Malam," na ce. Ya tsaya. "Na saman dubu tamanin da huɗu da ɗari uku da hamsin ne. Ka gyara kafin ta haddace na ƙaryar."

Ya laluba aljihu ya ciro biro, ya rubuta a tafin hannunsa. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun Asabar.

"Sauran fa?"

Na rufe ƙofa.

Yanzu haka ina ɗakina, kiɗan kwale-kwale yana shigowa ta ƙasan ƙofa, Umma ta kira Anti a waya tana karanta mata lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta fara riƙe na biyun da ka. Na buɗe saƙonsa na rubuta sauran bakwai ɗin duka, har da ɗan makina na ƙasa. Yatsana yana kan wurin turawa, kuma har yanzu raina a ɓace yake.